Barcin Zaune

Utako

Motar ta sauke mu a tashar Utako da hantsi, ni da wana Lawali, Allah ya jiƙansa. Mu mutanen wani ƙauye ne a gefen Magarya, a ƙasar Nijar, mun fito ci-rani bayan an gama zuba gero a rumbu. Yaya ya taɓa yin ci-rani a Kano, ni kuwa ban taɓa wuce Daura ba. Ɗan karatun da na yi a lakwal da Faransanci ne, kuma a Abuja ban samu inda ya yi mini amfani ba. Don haka magana duk ta Yaya ce. Ni aikina ɗaukar jaka.

Ba mu gama miƙe ƙafa ba wani mutum ya tare mu, rigarsa ta sha guga, Hausarsa ta Kano ce tsantsa. Ya ce daga tafiyarmu ya gane mu, don kakarsa ma 'yar Damagaram ce. Ya ce akwai wani babban ma'aikaci da ke neman masu gadi biyu, kuma ya rantse ba zai ɗauki kowa ba sai ɗan Nijar, saboda amana. Muka bi shi a ƙafa har wata unguwa mai dogayen katangu. A ƙofar wani gida ya tsaya, ya ce oga ba ya son a shigar masa da mutane kai tsaye, sai ya fara ganin takardunsu da abin da ke cikin kayansu. Yaya ya zaro katunanmu na shaida ya ba shi. Ni na miƙa jakar. Ya bi ta wani lungu a gefen gidan, ya ce ƙofar baya ce.

Muna nan har aka yi la'asar. Sai mai gadin gidan ya leƙo, wani dattijo ɗan Bauchi, ya tambaye mu ko lafiya. Da ya ji, bai yi mamaki ba. Ya ce lungun nan titi yake ɓullewa, mai gidan kuwa yana Turai tun bara, kuma ba mu ne farko ba. A jakar akwai tufafinmu, da bargo, da dakakken gero da Inna ta haɗa mana da kayan yaji. Na zauna a bakin kwalbati. Yaya ya dube ni ya ce, "To, Isuhu, an sallame ka daga aiki tun ranar farko."

Dattijon ya dafa mana shayi, ya raba mana biredinsa, ya bar mu muka kwana a ɗakin gadi. Da safe ya ce mu nufi Kuje, mutanenmu na can suna tura kura. Ban san sunansa ba.

Kuje

A Kuje mun tarar da 'yan garinmu da na kusa da mu, masu sana'ar ga-ruwa. Babbansu wani Malam Habu ne, wanda ya daɗe a can har yana jin Turancin kasuwa. Shi ya tsaya mana aka ba mu hayar kura ɗaya-ɗaya. Kura amalanke ce ta ƙarfe mai taya biyu, ana jera jarkoki a ciki, a cika su a rijiyar burtsatse, a tura gida-gida. Ƙasar Kuje ba shimfiɗaɗɗiya ba ce kamar tamu, hawa ne da gangara. In za ka hau tudu sai ka kifa ƙirjinka a kan ƙarfen, ka sunkuya, ka tura da dukkan jikinka.

Kwana a wani kango muke yi, bene ne da mai shi ya fara ya bari, ba ƙofa ba taga. Kowa da kwalinsa. Abinci wurin Maman Joy muke ci, wata mata 'yar Pankshin mai rumfa kusa da rijiyar. Ita ta sa mana suna, Yaya Nijar Babba, ni Nijar Ƙarami. Shinkafa da wake take yi da teba, tana cika mana kwano, amma na daɗe ban ji na ƙoshi ba. Cikin da ya saba da fura ba ya lissafa shinkafa a abinci.

Da zafi ya shigo Yaya ya fara tari, da zazzaɓin yamma, da gumi mai jiƙa kwali. Muka sayo maganin zazzaɓi a kemis, ya lafa, ya dawo. Daga baya ciwon ƙirji ya biyo. Ya ce kamar an sa masa tsinin wuƙa a ƙarƙashin nonon hagu, yana harbawa har kafaɗa. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne halin ciwon. In ya kwanta rigingine sai ya taso masa, ko numfashi ya ja sai ya soke shi. In ya tashi zaune ya sunkuya gaba, sai ya sassauta. In ya kifa ƙirji a kan kura yana hawan tudu, sai ya ce ya manta da shi. Inda ya fi jin sauƙi kuwa shi ne sujada. Liman ya sallame, kowa ya fita, Yaya ya tayar da nafila, ya kai goshi ƙasa ya daɗe bai ɗago ba.

Wata Juma'a da yamma aka zauna a kan maganar, a inuwar kangon. Malam Habu ne ya yanke. Mutumin kirki ne, kuma ba don mugunta ya faɗa ba. Ya ce mu duba da kyau. Mutum yana tura kura ya fi kowa, to ƙarfinsa na nan. Abu ba ya zuwa sai ya kwanta. Kuma da ya kai goshi ƙasa sai abin ya gudu.

"Ciwon asibiti bai san dare da rana ba," in ji shi. "Kuma bai san salla ba. Wannan ya sani."

Babu wanda ya musa, har ni. Wasu suka ce dannau ne, mai danne mutum cikin barci. Wasu suka ce kango ba ya rasa masu shi na ɓoye, wataƙila kwalin Yaya a kan hanyarsu yake. Aka canza masa kusurwa. Aka kai shi wurin wani malami mai ruƙiyya a bayan kasuwa. Malamin ya zaunar da shi, ya sa ya sunkuyar da kai, ya yi ta karatu, Yaya ya ce lallai ya ji sauƙi. Malamin bai karɓi komai ba. Ya ce mu bar kangon, in kuma abin bai bari ba mu gwada asibiti, don Allah da ya saukar da cuta ya saukar da magani.

Rabin farko na maganar muka riƙe. Asibiti Yaya ba ya son a ambata. Katunanmu sun tafi da mutumin Utako, kuma an cika mana kunne cewa a asibitin gwamnati takarda ake fara tambaya, in babu a kira 'yan shige da fice. Wanda ya faɗa mana bai taɓa zuwa ba, shi ma ji ya yi.

Maman Joy ce kaɗai ba ta yarda ba. Takan tsaya da ludayi a hannu tana kallon yadda yake cin abinci a duƙe.

"Nijar Ƙarami, wannan yayanka ba ta da lafiya fa. Ka kai ta asibiti."

"Madam, wa ya kawo miki ruwa yau kafin kowa?" in ji Yaya.

"Kai ne. Shi ya sa nake magana. In ka mutu wa zai kawo mini?"

Ya yi dariya, dariyar ta zama tari. Ni ƙane ne. A wurinmu ƙane ba ya kama hannun wa ya ja shi inda bai yi niyya ba.

Tun daga lokacin ya daina kwanciya. Yakan kifa jarka a gabansa, ya ninke riga ya ɗora, ya harɗe hannuwa a kai, ya sa goshi. Haka yake barci, in barci ne.

Ranar kasuwar garinmu muke kiran gida, don ranar ce Inna ke zuwa inda waya ke kamawa. Ɗan ci-rani ba ya aika ciwo gida. Abin da yake aikawa ɗan guzuri ne da lafiya lau. Yaya yakan yi tarinsa ya gama kafin a ɗauka. Ya gaisa da matarsa Hadiza, ta sa wa 'yarsu Nana wayar a kunne, ita kuwa sai hura iska take yi. Wani da ya koma gida ya riga ya kai labari cewa Lawali ya zama mutumin masallaci. Inna ta ce ta ji goshinsa har ya yi tabo, ta yi ta sa albarka. Ya ce addu'arta ce.

Paikon Kore

Da ruwan farko ya sauka, kasuwar ga-ruwa ta faɗi, muka ɗauki shawarar malamin muka bar Kuje. Aka haɗa mu da wani manomi a Paikon Kore, ta wajen Gwagwalada, sunansa Baba Audu, Bagwari ne mai zuwa coci, yana neman masu yi masa tulin ƙasa na shuka doya. Ya ba mu ɗaki a bayan gidansa, mai ƙofa da rufin kwano. Ruwan can yana riga namu sauka da nisa. Ƙasa ta jiƙe, ƙamshinta ya tashi, mu kuwa mun san a gida sama na nan fayau, Inna na zaune tana gyaran iri. A Paikon Kore na fi jin kewa, don komai ya yi kama da gida amma ba shi ba ne.

Aikin tuli a duƙe ake yinsa, da babbar garma. Kwanakin farko Yaya ya yi, har muka ce an rabu da masu kango. Sukan wuƙar ma ya ragu. Amma wani abu ya maye gurbinsa. Numfashinsa ya gajarce, ya yi tuli kaɗan ya tsaya yana haki. Ƙafafunsa suka cika har silifas ya daina shiga. Cikinsa ya ɗago alhali ba ya cin abincin kirki, jijiyoyin wuyansa suka fito kamar igiyar guga. Sujadar da yake gudu gare ta ita ma ta fara gagararsa, ya koma salla a zaune.

Wata rana da rana tsaka na waiwaya na gan shi kife a kan tuli, garma a gefe. Muka ɗauko shi ni da Baba Audu zuwa gindin ɗorawa. Baba Audu ya danna masa ƙwauri da babban yatsa, ya ɗaga, ramin ya zauna bai cike ba. Na ba shi labarin kango da dannau. Ya saurara har na gama. Ya ce shi ma ya san iskoki, kakansa ma yana da su, amma bai taɓa jin wanda ke ɗura wa mutum ruwa a ƙafa ba. Yaya ya ce, cikin haki, ba mu da takarda.

"In sun tambaya, ka ce kai yarona ne," in ji Baba Audu. "Ni ina da takarda har ta yi yawa."

Ya aro motar ɗaukar doya ta maƙwabcinsa. Yaya bai ce e ba, bai kuma ce a'a ba, ni kuwa ban jira ba.

Gwagwalada

A asibiti sunansa aka tambaya, da shekarunsa, da inda yake zaune. Babu wanda ya tambayi takarda, ranar ko bayanta.

Likitan da ya gan mu saurayi ne, Bazazzagi. Ya daɗe da abin sauraro a ƙirjin Yaya. Sannan ya juyo gare ni ya tambayi yadda yake barci. Na ce a zaune. Ya ce in ya sunkuya gaba yana jin sauƙi? Na ce da can yana ji. Ya ce a sujada fa? Na dube shi, don ban gaya wa kowa wannan a asibitin ba. Ya ce ba duba ya yi ba, haka ciwon yake ga kowa, mai salla da wanda ba ya yi.

Aka shafa wa Yaya wani mai sanyi a ƙirji, aka ɗora na'urar da ake duba masu ciki da ita. Likitan ya nuna mana allon. Ya ce Allah ya sa zuciya a cikin wata jaka siririya, kamar hannu a cikin leda, don ta riƙa motsi ba ta gogi komai ba. Jakar Yaya ce ta kumbura. Da farko tana gogar zuciyar, wannan ne sukan wuƙar, kuma in mutum ya sunkuya gaba sai gogar ta ragu. Daga baya ruwa ya taru a tsakaninsu, sukan ya lafa, amma ruwan ya matse zuciyar har ta kasa buɗewa ta karɓi jini. Ya nuna wani ɗan abu yana rawa a tsakiyar baƙin fili. Ya ce wannan ce zuciyar, baƙin duk ruwa ne.

"Isuhu," in ji Yaya, "kada ka gaya wa Malam Habu na ɓoye jarka ɗaya ban sayar ba."

Ranar aka soka masa doguwar allura ƙarƙashin ƙashin ƙirji, aka janye ruwan. Launinsa kamar zoɓon da aka surka. Kafin a gama na ga fuskarsa ta saki, ya ja numfashi mai tsawo, irin wanda na manta yana iya ja. Gwaji ya nuna tarin fuka ne asalin abin, bai tsaya a huhu ba ya kama jakar. Aka fara ba shi magani, na watanni. Ni ma aka gwada ni, aka ce ba ni da shi.

Na ɗauka an gama. Ya fara ci, ya fara tsokanar masu jinya. Maman Joy ta zo daga Kuje da abinci a kula, ta ce ba gaishe shi ta zo ba, ta zo ta ji daga bakinsa wa ya yi gaskiya. Ya ce ita ce. Malam Habu ma ya zo da 'yan garinmu, da abin da suka haɗa. Na yi masa bayanin jakar kamar yadda aka yi mini. Ya saurara, ya sunkuyar da kai, ya ce Allah ya yafe mana.

Amma kumburin ƙafar bai sauka ba, cikin ya sake ɗagowa. Aka sake dubawa da na'urar. Likitan ya kira ni waje. Ya ce ruwan bai dawo da yawa ba, matsalar yanzu jakar ce kanta. Ta daɗe a kumbure har ta yi kauri ta ƙandare, kamar ƙirgin da aka shanya a rana, ta kama zuciyar gam. Allura ba ta da abin da za ta janye. Sai an buɗe ƙirji an ɓare ta, kuma jikin Yaya ba zai ɗauki aikin ba sai magani ya kama ya yi ƙarfi. Na tambaye shi, da mun zo tun muna Kuje fa? Ya ce da zai fi sauƙi.

Gadon asibitin ana ɗaga kansa, to a jingine Yaya yake kwana, da matasai a baya. In barci ya ɗauke shi sai ya riƙa zamewa ƙasa a hankali, da ya kusa miƙewa sai numfashi ya tsaya masa, ya farka yana kama iska. Aikina ya zama ɗaya. In na ga ya fara zamewa, in zura hannu ƙarƙashin kafaɗunsa in ɗago shi kafin ya farka. Na saba har ina yi ni ma ban gama farkawa ba.

Wata ranar kasuwa ya ce in kira gida. Ya tambayi Inna ko an yi shuka. Ta ce an yi, gero har ya kai idon sawu, ta tambayi yaushe za mu dawo, noma ya fi ƙarfin Hadiza. Ya ce mun samu aiki mai tsoka ne, ta ƙara haƙuri. Da aka kashe wayar ya daɗe yana kallon taga.

"Isuhu, ka kai ni gida."

"Yaya, hanyar nan yini ce da kwana."

"A zaune ake yinta. Zama kuwa babu wanda ya fi ni iyawa."

"In mun je can wa zai yi maka aikin?"

"In mun zauna nan wa ya ce za a kai ga aikin?"

Tun da na yi wayo ban taɓa ce masa a'a ba. Na ce a'a, mu jira maganin ya kama. Ya dube ni, babu fushi a idonsa.

"To," in ji shi. "Ashe a Abuja na samu wa."

Bai sake tayar da maganar ba. Ya rasu wata Talata da hantsi, ana tsaka da ruwa, a jingine a ƙirjina. Ba a kai ga aikin ba. Abin da muka faɗa da Inna a waya ranar kasuwar da ta biyo, na bar wa kaina.

Baba Audu ya ce baƙonsa ne, a garinsa za a binne shi. Ya je da kansa wurin limamin Paikon Kore, ya tsaya a bakin ƙofar masallaci ya faɗa masa. Maman Joy ta iso da farin yadi, ta ce ta tambayi wani mai shago Bakatsine abin da Musulmi ke bukata, ya auna mata. 'Yan ga-ruwa suka zo daga Kuje, su suka haƙa kabarin. Ƙasar a jiƙe take, ba ta ba su wahala ba.

Aka kewaye wani gefe a bayan masallaci da tabarmi don wanka. Liman dattijo ne, bai san mu ba. Ya ce ɗan'uwa ya fi cancanta, in shigo in riƙe wajen kai. Da ya yaye mayafin ya ga tabon goshin, ya ce wannan bawan Allah ya sha sujada. Na ce haka ne.

Muka ɗauko shi muka ɗora a kan katakon wanka. Masu taya liman suka miƙe masa ƙafafu, suka fara saukar da bayansa. Ban san lokacin da na yi ba. Hannuna ya riga ya shige ƙarƙashin kafaɗunsa, na ɗago shi, na riƙe. Liman ya tsaya da buta a hannu yana jira. Da ya ga ba ni da niyyar saki, ya ajiye butar, ya dafa wuyan hannuna.

"Sake shi, ɗana," in ji shi. "Bar shi ya kwanta."

Na zare hannuna a hankali, har ƙeyarsa ta taɓa katako.